Baƙon Aji Shida

Ranar da direkta ya kawo shi lakwal ɗinmu ta Bagalam,
cikin kwali, an naɗe shi da leda kamar tsire,
na ce a aje shi can kusa da gwangwanin alli.
Ɗan allo ne baƙi mai sheƙi,
bai kai faifan da Tsahara ke rufe min fura ba.
Wai yana da basira, ta ƙirƙira,
komi ka tambaya yana da amsa.
Na ce to.
Shekara goma sha tara ina wannan aiki,
mai amsa komi da na sani
mahaukacin bakin tasha ne kaɗai.

Yara tamanin da ukku, benci ashirin,
duk suka miƙo wuya kamar zabi.
Jadi ya tambaye shi yaushe ake shukar gujiya,
sai ya buɗe baki ya ce gyaɗa.
Aji ya kece.
"Mushe, baƙon naka Bakano ne!"

Cima ta ce jar akuyarsu ta ƙi harawa tun shekaranjiya.
Ya jero mata dalilai bakwai, ba gargada,
kowanne da rigarsa da hularsa.
Bayan kwana biyu ta dawo da na takwas:
leda ce ta haɗiye.
Kakarta ta gane, da tafin hannu, a gefen ciki.
Na yi murna ran nan, ba zan ɓoye ba,
irin murnar tsohon kare in baƙo ya yi tuntuɓe.

Amma ga abin da ban faɗa wa kowa ba.

Daren Laraba, gida ya yi barci,
kabu-kabu na ƙarshe ya wuce wajen Mokoyo,
na rage murya na tambaye shi
abin da na kasa tambayar malamaina:
in za a raba da kaso, don me ake kifar da shi a ninka?
Ni dai haka aka ce min,
haka na ce wa ɗiyan mutane,
wanda ya ce don me, na ce don haka nan ne,
wani lokaci har da dorina.

Bai yi dariya ba.
Ya ce in ɗauki burodi ukku,
in ƙirga rabi nawa ke ciki.
Na ƙirga a duhu da yatsu.
Na sake ƙirgawa.
Na zauna a tabarma, sauro na cin ƙafata,
ina tuna fuskoki, wasu yanzu suna da ɗiya,
wasu na sai da essansi a kwalba hanyar Ɗan Isa.

Da safe na bar burodinsa a gida,
yaranmu hatsi suka sani.
Na aro tiya wurin mai awo ta ƙofar lakwal,
na ce tiya ukku ce, rabin tiya nawa?
Ma'azu, wanda ya maimaita ajin sau biyu,
wanda ke zama baya don kar a gan shi,
ya ɗaga ardwazi a hankali.
Shida.
Ya rubuta ta a karkace, amma shida ce.
Ban ce masa wa ya koya min ba.

Da hantsi aka ɗauke kuran.
Baƙo ya yi ƙyafce biyu ya mutu a tsakiyar jimla,
muka koma ga alli da maƙogwarona.

Yanzu duk maraice ni ke kai shi shagon Ɗan Lami,
mai faifan rana bisa kwano,
dala ashirin a cika masa ciki,
daga aljihuna, albashi ko ya zo ko bai zo ba.
Ina tsaye ina kallon ɗigon koren wuta.
Ɗan Lami ya ce, "Mushe, wannan da kake kiwo,
ba shi zai karɓe maka aiki ba?"
Na ce ya ba ni canjina.